Dabarar numfashi da sakin jiki a lokacin naƙuda: yaya ake koyonta, kuma za ta yiwu a asibitocinmu na Kaduna?

Mai jiran haihuwa, Rigasa:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Cikin fari ne, sati 29, ina zuwa awo kuma an ce komai lafiya. Ina neman bayani a kan abin nan da ake kira HypnoBirthing, wanda aka ce mace tana koyon numfashi da kwantar da hankali tun kafin naƙuda ta zo. Me ake yi takamaimai, kuma yaushe ake farawa? Gusar da hankalin mutum ake yi? Domin in akwai abin da ya taɓa addini gara in sani tun yanzu. Sannan zai yiwu a ɗakin haihuwa na asibitin gwamnati, inda gadaje suke jere kowa na jin kowa? Kuma da gaske ne ba a jin ciwo?

Ungozoma, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe: ana jin ciwo. Duk wanda ya ce miki ba a ji, bai yi miki adalci ba. Abin da dabarar take ragewa shi ne ƙarin azabar da tsoro yake ɗorawa a kan ciwon.

Tushen abin ya faro ne daga wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, wanda tun shekarun 1930 ya lura cewa tsoro yana sa jiki ya ɗaure, ɗaurewar ta ƙara ciwo, ciwon kuma ya ƙara tsoro. Daga baya wata Ba'amurkiya, Marie Mongan, ta tsara shi ya zama darasi a ƙarshen shekarun 1980. A jikin mace kuwa ga yadda yake: sinadarin oksitosin ne ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa har bakinta ya buɗe daga rufe zuwa santimita 10. Idan mace ta firgita, jiki yakan zubo adirinalin, shi kuma yana danne aikin oksitosin, yana janye jini zuwa hannuwa da ƙafafu kamar za a yi gudun ceton rai. Shi ya sa naƙudar da ta kankama a gida takan lafa da zarar an shiga asibiti an ga fitilu da baƙin fuskoki.

Akwai wani abu da nake so ki rarrabe, don a nan matanmu suka fi ruɗewa. Dauriya irin ta kunyar haihuwar fari, a cije leɓe, a damƙe ƙarfen gado, a riƙe numfashi don kar a ji muryarki, wannan kishiyar dabarar ce. Daga waje duka biyun shiru ne, amma mai cije haƙora jikinta a ɗaure yake tun daga muƙamuƙi har cinyoyi, kuma riƙe numfashi yana gajiyar da ita da wuri. Mai sakin jiki bakinta a ɗan buɗe yake, kafaɗunta a ƙasa, tafin hannunta a sake. In ma sauti ya zo, ki bar shi ya fita, amma mai kauri daga ƙirji, kamar gurnani. Ihu mai tsini daga maƙogwaro shi ne ke ɗaure jiki.

Numfashin farko, wanda za ki yi ta amfani da shi har bakin mahaifa ya gama buɗewa: ki shaƙa ta hanci kina ƙirga 4 a zuci, ki ji cikinki yana tasowa ba kafaɗa ba, sannan ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga 8. Idan 8 ta yi miki tsawo, musamman yanzu da ciki ya tokare ƙirji, ki yi 3 da 6. Abin kiyayewa kawai fitarwa ta fi shaƙa tsawo, domin doguwar fitarwa ce ke rage bugun zuciya. Murɗawa guda idan naƙuda ta yi ƙarfi takan kai kamar minti ɗaya. Kin ga ke nan numfashi huɗu zuwa biyar ne ta wuce. Wannan lissafin yana da amfani ƙwarai: ba ki tunanin awa nawa ya rage, numfashi biyar kawai kike ƙirgawa, sai hutu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sauri. Mace ta riƙa zuƙar iska da ƙarfi tana fitarwa da gaggawa, sai jiri ya kama ta, minjirya ta kama yatsunta da gefen bakinta. Iskar da jiki ke buƙatar ya riƙe kaɗan ce ta fice da yawa. Ba haɗari ba ne in an gane shi: ta rufe hanci da baki da tafukanta biyu ta yi numfashi a ciki sau biyar ko shida a hankali, zai wuce.

Numfashi na biyu shi ne na lokacin da kan yaro ya iso bakin fita, wurin ya yi zafi kamar ana ɗora wuta. A nan ungozoma za ta ce ki daina nishi. Ki riƙa hura iska gajere-gajere kamar mai hura koko mai zafi, don kan ya fito sannu a hankali fata ta samu ta miƙe. Wannan yana rage ƙaruwa.

Batun gusar da hankali kuma, babu shi. Kina ji, kina gani, kina iya magana, kina iya tashi duk lokacin da kika so. Nutsuwa ce irin wadda mutum ke shiga idan ya duƙufa a kan karatu har a kira shi sau biyu bai ankara ba. Ba a kiran wani abu, ba a shan komai. Kalmomin da za ki riƙa maimaitawa ke za ki zaɓa, kuma mata da yawa zikiri suke ɗorawa a kan fitar numfashin, kamar Hasbunallahu wa ni'imal wakil, 'yan'uwanmu Kirista kuma ayar Zabura. Inda za ki lura shi ne sautukan da ake saukewa daga intanet: ki saurara da kunnen basira kafin ki ɗauka, in kin ji kalamin da bai kwanta miki ba ki bar shi, ko ki kai wa malaminki.

Malamar gashin ƙashi da motsa jiki, Unguwan Rimi:

Anti Ungozoma ta gama da tushe, ni atisayen zan ƙara, don wadda ta karanta kawai ba ta gwada ba, ranar naƙuda babu abin da za ta tuna. Jiki ake horarwa, kuma sati 29 lokaci ne mai kyau.

Ki ware minti 15 zuwa 20 kullum, a lokaci guda, misali bayan Isha. Ki kwanta ta gefen hagu, matashi ɗaya ƙarƙashin kai, ɗaya tsakanin gwiwoyi. Kada ki yi rigingine, don nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, sai jiri da tashin zuciya. Ki yi numfashin 4 da 8 sau goma. Daga nan ki bi jikinki gaɓa-gaɓa daga sama: goshi, tsakanin gira, muƙamuƙi, harshe ya sauka daga ganɗa, wuya, kafaɗu, hannuwa, ciki, mara, ɗuwawu, cinyoyi, har yatsun ƙafa. Kowace gaɓa ki ɗan matse ta daƙiƙa biyar, ki sake ta tare da fitar numfashi. Ciki da mara kam sakewa kawai, ban da matsewa. Manufar ita ce ki san bambancin ɗaure da sake, domin yawancin mutane ba su san kafaɗarsu a ɗage take ba sai an taɓa ta.

Bayan sati biyu sai ki haɗa alama. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu da ba za su canza ba: kalma guda, da hannun mai rakiyarki a kan kafaɗarki. Duk lokacin da jikinki ya kai ƙarshen sakewa, ta ɗora hannun ta faɗi kalmar. Idan aka maimaita haka kullum na makonni, jiki yakan haɗa biyun, har ya zama ɗora hannun kaɗai yana sauke kafaɗa. Wasu suna ƙarawa da ƙamshi, ɗigon turare a hankici. Ba turaren wuta ba, don ba za a bari a kunna shi a asibiti ba, kuma a zaɓi mara ƙarfi saboda naƙuda tana zuwa da tashin zuciya.

Sai gwajin ƙanƙara, wanda a ganina ya fi komai koyarwa. Ki riƙe ƙanƙara a tafin hannu na minti ɗaya cur da agogo. Zagayen farko ki yi yadda kika ga dama, ki ɗaure fuska, ki riƙe numfashi. Ki huta minti uku. Zagaye na biyu ki yi da numfashin da sakin muƙamuƙi. Sanyin bai canza ba, amma za ki ji mintin ya gajarta. Ki yi zagaye uku, sau biyu ko uku a sati, kina sauya hannu. Ba ta kai naƙuda ba ko kusa, amma tana koya wa jiki kada ya ɗaure idan abu mara daɗi ya taso.

Tunda kin ambaci hayaniyar ɗakin haihuwa: kada duk atisayenki ya zama a ɗaki shiru. Daga sati 34 ki riƙa yinsa da rediyo a kunne, ko yara na wasa a tsakar gida, ko a layin awo, ko cikin Keke Napep a cunkoson Kasuwar Bacci. Ki gwada shi a tsaye kin jingina da bango, da kuma a durƙushe kin kifa ƙirji a kan kujera. Durƙuson nan da iyayenmu suka sani, har ake cewa mace tana kan gwiwa, yana sauke nauyin yaro daga ƙashin baya, yana rage ciwon kwankwaso sosai.

Idan kina son sauti, wanda kika naɗa da muryarki ko ta wadda kike jin daɗin muryarta ya fi na baƙon harshe. Minti goma ya isa: a ambaci gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya a hankali, da addu'o'in da kika zaɓa. Ki ajiye shi a cikin wayar kanta ba sai da data ba, ki sa abin kunne da abin cajin tafi-da-gidanka a jakar haihuwa. Ba a saurarensa ana tuƙi ko ana girki a kan wuta, don yana kawo barci. In kuma barcin ya ɗauke ki a wurin atisaye, ba laifi, amma wasu ranakun ki yi shi a zaune don ki koyi sakin jiki ido biyu.

Mai rakiya ita ma sai ta koya. Aikinta ta ƙirga tazarar murɗawa, ta ba ki kurɓin ruwa bayan kowace biyu ko uku, ta tuna miki fitsari kamar duk awa biyu domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan yaro hanya, ta danna miki ƙasan baya da gindin tafin hannu da ƙarfi daidai lokacin da ciwon ya taso, ta goge miki fuska da jiƙaƙƙen tsumma. Ki zaɓi mai sanyin rai. Mai saurin kuka da salati da ƙarfi, ko mai ba da labaran wahalar haihuwa, ko mahaifiya ce gara ta yi miki addu'a daga waje.

Likitan mata, Kaduna:

Abin da Sista da Malama suka faɗa daidai ne. Zan ƙara iyakokin abin, don a nan ake samun matsala.

Ta fuskar bincike, bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2016 ta nuna dabarar tana iya rage yawan amfani da magungunan kashe ciwo gaba ɗaya, amma ba ta nuna bambanci a fili ba wajen allurar baya ta kashe ciwon naƙuda, ko wajen yawan masu haihuwa da kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2018 ta amince da dabarun numfashi da sakin jiki ga mai naƙuda da ta so su, ta kuma ba da shawarar a bar mace da mai rakiyar da ta zaɓa, a bar mai ƙaramin haɗari ta ci ta sha, ta yi tafiya, ta zaɓi yanayin da ya fi mata. To abu ne mai amfani kuma mara tsada, amma ba ya buɗe ƙugun da ya yi wa kan yaro kaɗan, ba ya juya yaron da ya kwanta a gicciye, ba ya sauke hawan jini.

Babban haɗarin da nake gani a wurinmu shi ne jinkiri. Dama al'ada tana sa mai cikin fari ta ɓoye naƙuda, sai ga dabara ta ƙara mata iya shiru. Mutanen gida su ga tana zaune lafiya su ce da saura, ma'aikaci ma ya dube ta ya ɗauka ba ta yi nisa ba. Saboda haka da agogo za a yi hukunci, ba da fuska ba. Ga mai cikin fari, idan murɗawa tana zuwa duk minti 5, kowace tana kai minti ɗaya, aka yi awa guda a haka, a tafi. Ke da kike Rigasa, in asibitin da kika yi rajista yana cikin gari ne, kamar Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho, ki ƙara lissafin hanya da na dare, ki tashi kafin haka, kuma a tanadi mota da lambar direba tun sati 36. Da kin isa ki faɗa da bakinki: na koyi numfashi ne shi ya sa nake shiru, ciwon yana zuwa duk minti kaza tun ƙarfe kaza.

Akwai abubuwan da ba a yi musu numfashi a gida ko na minti goma: zubar jini, fashewar faya ko da babu ciwo, musamman in ruwan kore ne ko yana wari, raguwar motsin yaro, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko kumburin fuska, jijjiga, zazzaɓi, ciwon ciki da ba ya lafawa tsakanin murɗawa, da naƙuda kafin sati 37. Wadda aka taɓa yi wa aiki, ko mai tagwaye, ko wadda awon hawan jininta ya kai 140 bisa 90, tana iya koyon dabarar, amma da fara ciwo asibiti za ta nufa.

Inda na saba da wasu masu koyar da abin shi ne cewar da suke yi kada mace ta yi nishi sam, wai numfashi kaɗai zai sauko da yaro. Bin yunƙurin da jiki ya kawo da kansa abu ne mai kyau, kuma ya fi a sa mace nishi tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, wanda ke kumbura shi. Amma bugun zuciyar yaro yana tsakanin 110 da 160 a minti, kuma a wannan matakin ana sauraronsa akai-akai. In ungozoma ta ji ya sauka ta ce ki yi nishi da ƙarfi yanzu, ki yi. Haka allurar oksitosin da ake yi bayan yaro ya fito: kada ki ƙi ta da sunan haihuwa ba magani, ita ce ke sa mahaifa ta tsuke, kuma zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan.

A ɗaya gefen kuma, kada a haɗa dabarar da jiƙe-jiƙen saurin naƙuda, ko ƙwaya ko allurar naƙuda daga kemis a gida. Suna iya sa mahaifa ta murɗa babu hutu har yaro ya rasa iska ko ita ta fashe. Danna ciki daga sama don a turo yaro, da yankan gishiri, duk a guje su. Na biyun yana cikin sanadin yoyon fitsari.

Wadda take da tarihin taɓin hankali, ko wani mummunan abu ya taɓa samunta wanda rufe ido da nutsuwa ke dawo mata da shi, ta tsaya a kan numfashi ido buɗe, ta yi magana da likitanta kafin ta shiga sauraron sautukan.

Mai jiran haihuwa, Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Anti, saura abu biyu. In ba a bar mai rakiyata ta shiga ba fa? Kuma in abin ya fi ƙarfina na rikice a tsakiya, ko aka ce sai aiki, shi ke nan wahalar atisayen ta tashi a banza?

Ungozoma, Tudun Wada:

Ki tambaya a awonki na gaba, kada ki bari sai ranar. Inda gadaje suke a jere ba kasafai ake barin namiji ba saboda sauran mata, amma wasu wuraren suna barin mace ɗaya, wasu kuma sai a ɗakin jira kafin a shiga da ke. Saboda haka ki tanadi alamar da ba ta buƙatar kowa: ki ɗora hannunki na dama a kan kafaɗar hagu, ko ki riƙa bin gaɓoɓin yatsunki da babban yatsa kamar mai tasbihi, gaɓa ɗaya numfashi ɗaya. Ki juya gefen hagu ki fuskanci bango, ki ja mayafi ya rage miki hasken fitila, ki sa abin kunne a kunne ɗaya kawai don ki ji in ana miki magana.

Rikicewa kuwa ki sa ran zuwanta. Wajen santimita 8 zuwa 10 mata da yawa sukan yi rawar jiki, su yi amai, su ce ba za su iya ba, ko su ce a kai su gida. Galibi alamar an kusa ce, kuma shi ne mataki mafi gajarta. A lokacin ki watsar da ƙirgar 4 da 8, ki riƙe abu ɗaya tak: fitar da iska mai tsawo da baki a sake. Shaƙa za ta zo da kanta. In kin rasa murɗawa ɗaya kin yi ta da ihu, ta wuce, ki kama ta gaba. In kuma kin ji kina son maganin ciwo, ki tambayi abin da suke da shi, babu gazawa a ciki.

In aka kawo maganar ruwan naƙuda, ko ƙari, ko aiki, matuƙar ba gaggawa ba ce kina da damar tambaya huɗu: mene ne amfaninsa, mene ne haɗarinsa, akwai wata hanya, me zai faru in an jira awa ɗaya? In an ce gaggawa ce, a sa hannu a takarda da wuri. Shi ya sa yake da kyau maigida ya san wannan tun yanzu, ya kasance kusa da wayarsa a buɗe, a kuma san wanda zai ba da jini in an buƙata.

Numfashin kuma yana nan da amfaninsa a duk inda aka je. Lokacin da ake duba bakin mahaifa, wanda akan yi kamar duk awa huɗu, ki fitar da iska mai tsawo daidai shigar hannun, ki saki cinyoyi, zafin yana raguwa da yawa. Haka wajen sa robar ƙarin ruwa, da ɗinki, da allurar baya kafin aiki, inda ake so ki lanƙwasa bayanki ki tsaya cak ba motsi. Har bayan haihuwa, ciwon marar da ke tasowa idan jariri ya kama nono a kwanakin farko, da 4 da 8 ɗin nan za ki bi da shi. Dabino da ruwa a jakarki ba laifi a farkon naƙuda, amma da zarar an ambaci yiwuwar aiki ki daina ci, ki tambayi nas ko kurɓin ruwa ma an yarda.